Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Yadda Na Sauke Kilo 14 Ban Rasa Ƙarfin Feda Ba

Wata Asabar cikin Nuwamban 2023, da hantsi, muna dawowa Bauchi daga Zaranda, na sauka daga kan kekena na jingina shi da wata ɗorawa a bakin titi, na zauna a ƙasa. Ban faɗi ba, taya ba ta yi faci ba. Ƙafafuna ne kawai suka ƙi. Ina danna feda kamar ina taka auduga, ina gani dishi-dishi, wani gumi mai sanyi yana bin gadon bayana, hannuna yana karkarwa har na kasa buɗe gorar ruwa. Awa uku muka yi a hanya, ni kuwa tun asuba ba abin da ya shiga cikina sai ruwan shayi, ba sukari ba madara.

Mu biyar muke fita. Babbanmu wani dattijo ne da ya haura sittin, duk Baba muke ce masa. Shi ya fara lura ba na bayansu, ya juyo. Bai tambaye ni komai ba. Ya dubi fuskata, ya sa hannu a aljihun bayan rigarsa ya ciro dabino cikin leda.

"Ungo, ci."

"Baba, ai na daina zaƙi. Ƙiba nake ragewa."

"Ɗana, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ci tukuna. In mun isa gida ka ci gaba da abin da kake yi."

Na ci guda bakwai na kora da ruwa. Kafin minti ashirin idona ya washe, na hau muka lallaɓa zuwa gida, Baba yana gabana yana tare mini iska.

Lokacin shekarata 41, aikina na zaman ofis ne, tsayina mita 1.76, nauyina kuma kafin in fara wannan gwaji kilo 94. Shekara biyu ke nan da na sayi keken tsere na hannu na shiga cikin masu fita ranar Asabar. Inda hanya take a shimfiɗe ba mai barina a baya, don mai jiki yana da ƙarfin tura keke. Amma da an fara hawa, ko a hanyar Dass ko ta Jos, sai in ga suna ƙanƙancewa a gabana har su ɓace. Ga shi mun yi alkawari a tsakaninmu cewa wata rana sai mun je Jos a kan keke. Tafiyar ta kusa kilomita 130, kuma Jos ta ɗara Bauchi tudu da wajen mita 600, ban da hawa da gangarar da ke tsakani. A kan tudu, yawancin ƙarfin da ƙafa ke bayarwa wajen ɗaga nauyi yake tafiya, naka da na keken. Wanda ya fi abokin tafiyarsa da kilo 14, kamar ya ɗaure jarkar lita 25 ne a bayan sirdi da ruwa fiye da rabi. Wannan lissafi gaskiya ne, har yau ban sauya ra'ayi a kansa ba. Hanyar sauke jarkar ce na ɓata.

A farkon Oktoba na yanke tuwo, shinkafa, masa, burodi, doya, duk wani abu mai sitaci. Na koma ƙwai da nama da ganye, shi ma kaɗan. Na riƙa fita horo da safe ciki ba komai, saboda bidiyoyin da nake kallo a waya suna cewa haka jiki ke koyon ƙona kitse. Makon farko sikeli ya nuna kilo biyu da rabi sun tafi. Daɗi ya kama ni na ƙara matsewa. Cikin mako shida na sauko 88, wando ya fara yi mini yawa a ƙugu, abokan aiki suna tambayata sirrin.

Su ba su san yadda nake kwana ba. Ƙarfe biyun dare in farka, ido ya bushe har asuba. Ina jin sanyi alhali hunturu bai kankama ba. Mura ta kama ni sau biyu cikin wata ɗaya. Yara su yi ɗan motsi in daka musu tsawa, abin da ba halina ba ne. Har kusantar iyali ta fita daga raina, wannan kuwa ban gaya wa kowa ba a lokacin. Da kasala ta yi yawa na ɗauka maleriya ce, na sayi magani a kemis na sha ba gwaji, bai sauya komai ba.

Cikinmu akwai likita, sa'ana ne. Bayan abin da ya faru a hanyar Zaranda ya sa na je aka duba jinina: ba maleriya, sukari daidai, jini bai yi ƙasa ba. Sannan ya kira ni gidansa. Yana da wata na'ura da ake kafa keke a kanta cikin ɗaki, tana auna ƙarfin da ƙafa ke zubawa a feda da ma'aunin wat. Gwajin shi ne ka ɗumama jiki, ka yi minti ashirin iya ƙarfinka, a ɗauki matsakaicin abin da ka bayar a cire kashi biyar cikin ɗari. Abin da ya rage shi ne kimanin ƙarfin da za ka iya riƙewa na awa guda. A Satumba, ina kilo 94, na taɓa yi na sami wat 225. Wannan karon, ina kilo 88, da ƙyar na kai 196. Ya ɗauki biro ya raba kowane ƙarfi da nauyinsa a bayan wata ambulan. Na farko ya ba da wat 2.4 a kowane kilo, na biyu 2.2.

"Malam, ka gani? Kayan sun ragu, amma injin ya fi su raguwa. Yau in aka sa ku hawa tudu, kai na Satumba zai riga ka kaiwa."

Ya zauna ya warware mini. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, ajiyar da ake kira gilaikojin. Ba ta da yawa, wajen giram 400 zuwa 500 ce, abin da zai riƙe mai horo mai zafi awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Kowane giram ɗaya kuma yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Ashe kilo biyu da rabin da na yi wa murna a makon farko, yawancinsu ajiyar nan ce da ruwanta. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 7,700, ba zai yiwu in ƙone ninki biyu da rabi na wannan cikin kwana bakwai ina ci ina sha ba. Ya ce in ɗauki kitse kamar itacen ƙirya, yana ci a hankali ya daɗe, ya isa tafiyar lallaɓawa. Da an zo hawa ko an ƙara wuta, sukari jiki ke nema, don shi ke kamawa nan take kamar kara. Ni na kwashe karan kaf, ga jimillar abin da nake ci ta yi ƙasa ƙwarai, sai jiki ya fara taɓa tsoka.

Rashin barcin, sanyin, murar da mutuwar sha'awa kuwa, ya ce duk uwarsu ɗaya. Idan abin da ya rage wa jiki bayan an cire na horo bai isa sauran hidimominsa ba, sai ya fara rufe wasu ɗakuna don tsimi: garkuwar jiki, sinadaran haihuwa, ginin ƙashi. Kwamitin Olamfik na Duniya ya sa wa matsalar suna RED-S a 2014, ya kuma bayyana cewa ba mata kaɗai take kamawa ba, har da maza. Likita bai ce na kamu ba. Ya ce dai kan hanyar nake, kuma gudu nake yi.

Disamba gaba ɗaya ban rage komai ba. Na koma cin abinci kamar kowa, sikeli ya hau 91. Abin ya yi mini ciwo, amma barci ya dawo, sanyin ya tafi. A Janairun 2024 na sake farawa bisa sharuɗɗan da ya gindaya mini: kada in sauke fiye da rabin kilo a mako, giɓin da zan bari a rana tsakanin abin da nake ci da abin da jiki ke ƙonawa kada ya wuce kalori 300 zuwa 500, kuma kada in kuskura in cire shi daga abincin da zan yi horo da shi. Ya ba ni labarin wani bincike da aka yi kan 'yan wasa a Norway aka wallafa a 2011. Waɗanda aka tsara wa sauke kashi 0.7 cikin ɗari na nauyinsu a mako, suna kuma ɗaga ƙarfe, har tsoka suka ƙara. Waɗanda aka tsara wa ninki biyun haka ba su ƙara ba.

A kicin aka fara aikin. Na sayo ƙaramin sikeli na roƙi uwargida mu yi mako guda muna auna abin da nake ci, ba tare da mun sauya komai ba. Ba ta ji daɗi ba.

"Malam, yanzu abincin nawa ne sai an ɗora a sikeli?"

Na ce mata wallahi ba girkinta nake tuhuma ba, cikina nake son sani. Ta yi shiru ta karɓa. Rana ta uku ita da kanta ta kira ni. Za ta soya kayan miya, maimakon ta tsiyaya man gyaɗa daga galan yadda ta saba, sai ta riƙa zubawa a cokali tana ƙirgawa. Ta tsaya a goma sha ɗaya ta dube ni. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, ko na gyaɗa ko manja, kalori wajen 120 ne, kuma ni ake ɗebar wa saman miya inda man ya taru, don girmamawa. Daga nan sauran suka fito ɗaya bayan ɗaya. Masa goma da nake karyawa da ita, kowace ta sha mai a tanda. Kwalbar soyayyar gyaɗa da ke kan teburina a ofis, ina aiki ina watsawa a baki, giram ɗari nata ya haura kalori 550, ni kuwa kwana uku nake gamawa da kwalba. Lemon roba biyu a rana in ana zafi, kowanne da sukari wajen giram 50. Ga shayi safe da dare, cokali uku na sukari da madara. Tuwon da na kora a Oktoba ba shi ne ɓarawon ba. Da na daina lemo, na ɗauke kwalbar gyaɗa, aka rage man miya zuwa rabi, giɓin da nake nema ya samu ban taɓa malmala ko ɗaya ba. Yara ma ba su lura miya ta sauya ba.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne furotin, wato sinadarin abinci mai gina tsoka. Mai horo da ke rage nauyi ana so ya sami aƙalla giram 1.6 a kowane kilo na jikinsa don tsoka ta tsira. A wurina wannan ya haura giram 140 a rana. Ƙwai ɗaya giram shida ne kawai. Ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023, nama kullum ya fi ƙarfin aljihun mai albashi da iyali. Wake ya cece ni, busasshensa kusan kashi ɗaya cikin huɗu furotin ne. Muka koma alale maimakon ƙosai don kauce wa suya. Uwargida ta riƙa yin awara da waken suya a gida, a gasa ta a kasko da ɗan mai kaɗan ko a jefa cikin miya. Sai kindirmo, busasshen kifi, ƙwai biyu da safe, balangu marar kitse sau biyu a mako. Ba kullum nake cika 140 ba, galibi tsakanin 120 da 130 nake tsayawa, amma na rarraba shi safe, rana da dare, ban tara shi a zama ɗaya ba. Na kuma lura ranar da na ci wake ko awara da rana ba na neman abin taɓawa da la'asar.

Babban sauyin dai shi ne na daina cin abinci iri ɗaya kowace rana. Ranar da ba horo, zaman ofis kawai, malmala ɗaya ce da miya mai yawan ganye, ko faten wake, ko kwaɗon zogale. A irin waɗannan ranaku nake jin yunwar, kuma na yarda in ji ta, don a kujera nake. Talata da Alhamis muna horo mai zafi na awa guda bayan asuba, a kan wani ɗan tudu da muke hawa mu sauko sau biyar ko shida. Waɗannan ba na fita sai na sha koko ko na ci ayaba da burodi. Daren Juma'a kuwa, jajiberin doguwar tafiya, faranti cike da shinkafa nake ci ba tare da wani ɗar ba. Fita ciki ba komai ban daina ta gaba ɗaya ba, amma na mayar da ita zagaye mai sauƙi da bai kai awa ɗaya ba, wanda zan iya yi ina hira.

A kan keke ma na koyi ci. Ƙa'idar da masana abincin 'yan wasa suka daɗe a kai ita ce giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukari a kowace awa idan tafiya ta wuce awa ɗaya, har zuwa 90 a tafiyar da ta haura awa biyu da rabi ga wanda cikinsa ya saba. Kayan da 'yan tseren Turai ke tsotsa a 'yan ledoji ba su zo mana nan ba, in ma sun zo kuɗinsu ya fi ƙarfinmu, kuma ba ma bukatarsu. Ayaba matsakaiciya wajen giram 25 ce. Ƙaramin dabino giram biyar ko shida. A gora ɗaya nake zuba ruwa, cokali uku na sukari, ɗan gishiri da yatsu biyu, in matsa lemon tsami, ɗaya gorar kuma ruwa zalla. Sukarin shayi ɗin nan haɗin gulukos da furuktos ne, iri biyun da hanji ke sha ta ƙofofi dabam-dabam, shi ya sa yake aiki sosai. Na sa agogona ya riƙa ƙara duk minti ashirin, in ya yi in ci dabino uku ko in kurɓa, ko ina jin yunwa ko ba na ji. Wanda ya jira sai ya ji yunwa a kan keke ya riga ya makara. Da farko zuciyata ta yi ta gardama, ta yaya mai rage ƙiba zai riƙa shan ruwan sukari? Amma tafiyar awa huɗu tana cin kalori fiye da 2,000, abin da nake ci a kai bai kai rabin haka ba. Kuma na ga bambanci a gida. Da, in na dawo a galabaice, sai in share duk abin da ke cikin kula in nemi ƙari. Yanzu ina dawowa da hankalina, in ci daidai.

In mun juyo daga hanyar Jos akwai wata Bafulatana da ke zama ƙarƙashin mangwaro da ƙwaryarta. Ranar farko da na ce ta dama mini fura kada ta sa sukari, ta tsaya da ludayi a hannu.

"Alhaji, ciwon sukari ne?"

"A'a Inna, na sha nawa a hanya."

Tun daga ranar, da ta hango hulunan kwanonmu sai ta ware kwano ɗaya ta ƙara masa nono. Ban san abin da ya fi fura da nono dacewa da wanda ya sauko daga keke ba: ga gero yana mayar da ajiyar da aka ƙone, ga nono yana gyara tsoka, ga ruwa. Ruwan ma na auna shi. Wata rana cikin zafi na hau sikeli kafin fita da bayan dawowa, na tarar kilo biyu sun tafi duk da abin da na sha a hanya. Kowane kilo kimanin lita ɗaya ce ta gumi, ba kitse ba, kuma dole a mayar da ita.

Sau biyu a mako, da yamma, ina rungumar buhun yashi a tsakar gida in yi tsugunne-tashi, in hau dakali da ƙafa ɗaya in sauko, in yi na baya da na ciki. Minti ashirin da biyar ne, ba ya wuce haka.

Azumin 2024 ya kama ranar 11 ga Maris, tsakiyar bazara, lokacin da rana a Bauchi ke dukan mutum tun ƙarfe tara. Na zauna da Likita muka yanke cewa ba za a haɗa gudu da susar baya ba. Watan nan ba rage nauyi, ba doguwar tafiya, riƙe abin da aka samu kawai. Ina fita minti arba'in kafin magariba, a hankali, kusa da gida, yadda zan dawo daidai kiran salla in buɗe baki da dabino da ruwa. Horo mai zafi sau ɗaya a mako, bayan tarawihi, a kan na'urar Likita, ciki da abinci. Tarkon azumi a faranti yake: ƙosai, soyayyen dankali, soyayyar doya da ƙwai, kunu da zoɓo da aka cika wa sukari, duk a zama ɗaya. Na zaɓi soyayye ɗaya a kowane dare, sauran cikin na ba wa kankana da abinci na sosai. Da sahur wake ko ƙwai da kindirmo, da ruwa mai yawa. Na shiga azumi da kilo 87, na fita da 86.5, ƙarfina bai faɗi ba. A ganina wanda ya ce zai yi amfani da Ramadan ya matse ciki da daddare kuma ya ci gaba da horo mai nauyi da rana, zai cuci jikinsa ya kuma rasa natsuwar ibadarsa.

Ranar Salla muka je gaida mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana. Ta daɗe tana kallona, sannan ta sallami jikoki ta rage murya.

"Kai, zo nan. Lafiya kake wannan rama? Ko akwai abin da ke damunka a gidan ne ba ka faɗa ba?"

Na san inda maganar ta dosa, kuma uwargida da ke bakin ƙofa ita ma ta ji. A wurinmu in magidanci ya yi tumbi an ce hutu ya zauna, matarsa ta iya kula da miji. In ya faɗa kuwa, ko ciwo, ko bashi, ko matar. Wannan nauyi ne da ban yi tunaninsa ba lokacin da nake lissafin kalori, kuma ba a kaina ya sauka ba, a kanta ya sauka. Na durƙusa na ce, "Hajiya, lafiyata ƙalau, ni na nema da kaina, likita yana dubawa. Ita ce ma take tsaye a kan abincina, ba don ita ba da ban iya ba." Na tuna mata hawan jinin da ya wahalar da mahaifinmu, na gaya mata nawa awon da ya fara haurawa yanzu ya dawo daidai. Ta ce Allah Ya sa haka ne. Ta sa aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe da man shanu, ta zauna tana kallo. Na cinye tas. Daga ranar na ɗaukar wa kaina cewa abincin gidan Hajiya, na biki da na suna, ba na aunawa kuma ba na mayarwa. Kwano ɗaya a mako ba ya rushe aikin kwana shida.

Da damina ta sauka abin ya tsaya cak. Mako biyar sikeli yana kan 84. Na riga na daina kula da awon rana ɗaya, don yana iya hawa ko sauka da kilo guda saboda gishiri ko ruwa. Kullum da safe nake hawa in rubuta, ranar Lahadi in fitar da matsakaici. To matsakaicin ma ya ƙi motsi. Raina ya fara raya mini in sake yanke tuwo. Likita ya ce in kawo tef ɗin tela, muka auna ƙugu, ya ragu da santimita biyu cikin makonnin nan. Ya kuma tuna mini cewa jikin kilo 84 ba ya cin abin da na 91 ke ci, giɓin da na fara da shi ya ƙanƙance da kansa. Maimakon in ƙara matsewa, ya sa na yi mako biyu ina ci daidai bukata, sannan na rage shayin dare da masa biyu daga ta safe. Sannu a hankali ya ci gaba da sauka.

A tsakiyar Oktoba na taɓa 80. A raina 75 nake so. Amma cikin mako biyun da na gwada wucewa, bugun zuciyata na farkawa daga barci ya ƙaru da biyar ko shida, na fara farkawa tsakar dare, lokacina a kan tudunmu na Talata ya daina gyaruwa. Na san waɗannan baƙin, na taɓa saukar da su. Na tsaya a nan. Gwajin minti ashirin a farkon Nuwamba ya ba da wat 240, wato wat uku cif a kowane kilo. Mako biyun ƙarshe kafin tafiyar ban bar giɓin komai ba, kwana biyun ƙarshe kuma shinkafa da dankali na ƙara.

Asabar 30 ga Nuwamba 2024 muka tashi bayan sallar asuba, mu biyar, da mota ɗaya a bayanmu ɗauke da ruwa da tayoyi, tana kuma kare mu daga tireloli, don titin ba shi da faɗi. Na karya da kunun gyaɗa da burodi da ƙwai biyu. Aljihuna uku cike: dabino, ayaba huɗu, dafaffen dankalin Hausa da aka barbaɗa wa gishiri. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mu kuma yamma muka dosa, sai ta zama mai tura mu. Muka wuce Zaranda rana ba ta yi zafi ba. A Nabordo muka cika goruna. Agogo yana ƙara ina ci, har dabino ya fara gundurata na koma dankali.

Hawan Panshanu shi nake tsoro tun da aka sa ranar. Na saukar da giya tun daga gindinsa, na zauna daram a sirdi, na sami numfashin da zan iya riƙewa na bi shi. Cinyoyina suna zafi, amma zafin aiki ne, ƙafa tana amsawa duk lokacin da na danna. Wata tanka tana nishi a gefenmu, yaron motar ya leƙo yana ɗaga mana hannu. Da na ɗaga kai na ga tayar Likita ce a gabana, tazarar taku biyu, kuma ba ta nisa. Tare muka kai sama, muka tsaya muka jira sauran. Baba ya iso a nasa takun, ya sauke ƙafa ɗaya, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗana, akwai sauran dabino?"

Na ce akwai, Baba. Ya ce to mu je.

Bayan Tilden Fulani gajiya ta zo, irin wadda ke zuwa wa kowa bayan awa biyar a sirdi, wuya ya ƙage, tafin hannu ya yi tsami. Muka shiga Jos ta wajen jami'a ana kiran azahar, awa shida da minti arba'in da tashinmu har da tsaye-tsaye. Muka yi salla, muka ci shinkafa da wake da nama, na ƙara faranti na biyu. A mota muka dawo.

Ranar Litinin da safe sikeli ya nuna 82. Ƙafafuna sun ɗan kumbura, tsoka tana mayar da ajiyarta da ruwanta. Na rubuta a littafin, na karya da koko da ƙwai biyu na tafi ofis. Zuwa Juma'a ya dawo 80.3.